Kujerar kwamishina a Sakkwato: tana kai mutum gaba ko tana cinye shi?

Ɗan_Kwanni: Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san gwamnati ta ciki. Kawuna darakta ne a wata ma'aikata, saura 'yan shekaru ya yi ritaya. Wasu manyan ƙaramar hukumarmu sun zo masa da maganar cewa idan an tashi naɗa kwamishinoni sunansa za su miƙa. Gida ya rabu biyu. Iyayenmu mata sun ce ya zauna ya ƙarasa aikinsa ya karɓi fansho cikin mutunci, samarin gida kuma har sun fara kiransa Honarabul. Tambayata ita ce: a jihar nan, wanda ya hau kujerar kwamishina ina yakan ƙare? Gaba yake yi, ko daga nan ne siyasarsa take mutuwa?

Abu_Gawon_Nama: Wa alaikumus salam. Ai amsar tana Gidan Gwamnati a zaune. Ahmad Aliyu kwamishina ya yi zamanin Wamakko. A 2015 ya zama mataimakin Tambuwal, a 2023 ya zama gwamna. Me kuma ake nema? Ka ce wa kawu ya karɓa da hannu biyu.

Tsohon_Akawu: Yaro, sannu da gaggawa. Mutum guda kak kawo muna. Ni na yi aiki sakatariya tun lokacin da Kebbi da Zamfara suna cikin jihar ga, kahin a cire Kebbi a 1991, a cire Zamfara a 1996. Kwamishinonin da nig gani sun shiga sun hita ba su ƙidayuwa. Ka zauna ka lissaho min waɗanda sunka yi zamanin Bafarawa, daga 1999 zuwa 2007, mu gani ko za ka cika yatsun hannu guda. Ba don ba su yi aiki ba. Wasu sun yi ƙwarai. Amma ranar da anka rushe majalisar zartarwa, direba shi aje makulli, ɗan sanda shi koma bariki, tabarmin da anka shimhiɗa ƙohwar gida a naɗe su. Na san wani da munka yi aiki ƙarƙashinai, mutumin kirki, bayan ya sauka na ishe shi layin banki da hula ta koɗe, babu wanda ya tashi ya ba shi wuri.

Abu_Gawon_Nama: Baba, da girmanka, amma ba mutum guda ba ne. Manir Ɗan'iya kwamishinan ƙananan hukumomi ne kafin a ɗauke shi mataimakin gwamna a 2018. Sa'idu Umar kwamishinan kuɗi ne, ya zama sakataren gwamnati, sannan PDP ta tsayar da shi takarar gwamna a 2023. Ka ga manyan 'yan takara biyu na zaɓen nan, shi da Ahmad Aliyu, duk ta kujerar kwamishina suka bi.

Lauya_Arkilla: Kafin a yi nisa, bari in ɗan shimfiɗa abin da doka ta ce, don Ɗan_Kwanni ya san me kawunsa zai shiga. Sashe na 192 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya kafa wannan muƙami. Gwamna ne ke zaɓa, majalisar dokokin jiha ta tantance ta amince. Idan aka aika sunan majalisa ba ta ce komai ba har kwana 21 na aiki, to an ɗauka ta amince. Sharaɗin kuma shi ne mutum ya cancanci tsayawa takarar ɗan majalisar jiha. Gyaran da aka yi a 2023 ya ƙara cewa gwamna ya miƙa sunaye cikin kwana 60 da rantsar da shi.

Abin da ya fi shafar kawunka shi ne wannan: babu wa'adi. Gwamna yana da shekara huɗu, ɗan majalisa yana da shekara huɗu, kwamishina ba shi da ko wata guda a rubuce. Naɗi sai da majalisa, sallama kuwa sanarwa ɗaya ta ishe ta, ba kuma sai an faɗi dalili ba. Darakta ba a korarsa haka nan, akwai hukumar ma'aikata, akwai matakai. To ya auna.

Hajiya_Ta_Mabera: Lauya, Allah ya saka da alheri. Ɗana Ɗan_Kwanni, ka saurari iyayenka mata, su ne za su dafa abincin. Maƙwabcinmu ya taɓa riƙe wannan kujera. Tun ba a sallame sallar asuba ba mutane sun cika ƙofar gida, wannan da takardar asibiti, wancan matarsa ta haihu, wani kuɗin makaranta, wani kawai ya zo gaisuwa amma ba zai tashi ba sai an sallame shi. Uwargidansa tukunya ba ta sauka daga murhu. Da azumi kuwa abin sai wanda ya gani, kowa na jiran shinkafa da sukari da turmin atamfa. Albashin bai kai rabin wannan hidima ba. To ina zai samo sauran? Nan ne mutumin kirki yake fara lalacewa, ko kuma ya ƙi lalacewa a ce masa marowaci. Shi maƙwabcin namu na biyun ya zaɓa, har yau a unguwa ana cewa ya yi kwamishina bai tsinana wa kowa komai ba, alhali makarantun da ya gyara suna nan.

Bawan_Allah_Illela: Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu talakawa mu ne matsalar wani lokaci.

Malam_Na_Yabo: Ina so in mayar da mu baya kaɗan, don wannan tambaya ta girmi jamhuriyar nan. Sardauna Ahmadu Bello kansa da ministan yanki ya fara. A 1952 aka ba shi ministan ayyuka na Jihar Arewa, daga baya aka haɗa masa da harkokin ƙananan hukumomi da raya karkara, a 1954 ya zama Firimiya. Kafin nan ya yi hakimcin Rabah, ya yi aiki a En'e ta Sakkwato. Shi kuma Alhaji Shehu Shagari labarinsa ya fi ban sha'awa a wurina. Mutumin da ya yi ministan tarayya a jamhuriya ta farko, bayan juyin mulkin 1966 ya dawo gida, ya kama aikin gina makarantu, sannan ya yarda ya zama kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma zamanin Usman Faruk. Wani zai ce ai ci baya ne, daga Ikko zuwa Sakkwato. Amma daga nan Gowon ya kira shi a 1970, a 1971 ya gaji Awolowo a ma'aikatar kuɗi ta tarayya, a 1979 ya zama shugaban ƙasa.

Abin da nake so a lura, su biyun nan da jama'arsu suka zo kujerar. Ba kujerar ce ta ba su jama'a ba. Shagari malamin makaranta ne da aka zaɓa majalisar wakilai tun 1954. Ɗan_Kwanni, kawunka idan yau aka ce ya tara mutum ɗari a garinku ba tare da ya raba ko sisi ba, za su zo?

Ɗan_Kwanni: Malam, gaskiya za su zo ɗaurin aure ko jana'iza. Taron siyasa kuwa bai taɓa kira ba. Ko katin jam'iyya ba shi da shi, tunda ma'aikaci ne.

Abu_Gawon_Nama: To ai kati ba wuya, rana ɗaya ake yankarsa a mazaɓa.

Tsohon_Akawu: Kati ba wuya, uban gida ad da wuya. Abu, waɗanda kal lissaho ɗazu, duba su da kyau. Ahmad Aliyu lokacin da Tambuwal ya koma PDP a 2018, mi yay yi? Bai bi gwamna ba, ya tsaya wurin Wamakko, ya aje mataimakin gwamna. Ya tsaya takara a 2019, sai da anka je zaɓen cike giɓi, anka kada shi da ƙuri'a 342 kacal. Ya tahi Abuja ya riƙa asusun 'yan sanda, ya dawo 2023 ya ci. Wanga ba labarin ma'aikata ba ne, labarin tsayawa da gida guda ne har ƙarshe. Da ya zaɓi ɗayan gefen, Allah kaɗai ya san inda zai kasance yau.

Sadiya_UDUS: Ni abin da ke damuna a wannan hira shi ne har yanzu ba wanda ya yi maganar aiki. Kowa yana lissafin wa ya hau, wa ya faɗi. Kwamishinan lafiya ko na ilimi ba don ya zama gwamna aka naɗa shi ba. Jiharmu tana cikin waɗanda ake ambata duk lokacin da aka yi maganar yaran da ba sa zuwa makaranta da mutuwar mata wurin haihuwa. Idan kawu darakta ne da ya san aiki, me zai hana ya karɓa ya yi shekara biyu ya gyara abu ɗaya, ko da daga nan zai koma gona?

Ma'aji_Mai_Ritaya: 'Yata Sadiya, niyyarki mai kyau ce, amma bari in gaya miki yadda kuɗi ke tafiya, don a wannan ɓangaren na tsufa. Za ki ji an karanta kasafin kuɗi an ce an ware wa ma'aikata kaza biliyan kaza. Wannan a takarda ne. Kafin kwabo ya fita, daraktoci su tsara, babban sakatare ya duba, kwamishina ya sa hannu a memo, a kai wa gwamna ko majalisar zartarwa. An amince? To ba a gama ba. Sai takarda ta je ma'aikatar kuɗi, ta je ofishin babban akanta, a jira a ce akwai kuɗi. Na ga fayil da aka amince da shi tun kafin damina, aka girbe gero, aka ci kasuwar albasa, yana nan kan tebur an ɗora masa kofin shayi har ya yi masa zobe a bango. Kwamishinan ya riƙa aiko mini da yaronsa kullum yana tambaya, ni kuma ba ni da abin da zan ce sai a ƙara haƙuri.

Sannan wanda doka ta ɗora wa alhakin kuɗin ma'aikata babban sakatare ne, ba kwamishina ba. Saboda haka kwamishinan da bai iya zama da babban sakatarensa ba, ya gama yawo. Wanda kuma gwamna ba ya ɗaga wayarsa, ko digiri goma gare shi, kujera kawai yake ɗumamawa. A nan kawun Ɗan_Kwanni yana da abu ɗaya da 'yan siyasa zalla ba su da shi: ya san inda fayil ke kwana, ba za a yi masa wasa da takarda ba.

Sadiya_UDUS: To Baba, kenan ba laifin kwamishinoni ba ne idan ba a ga aiki ba?

Ma'aji_Mai_Ritaya: Ban wanke su duka ba. Akwai abin da ba ya buƙatar memo: ka je makaranta ba sanarwa ka ga malamai nawa suka zo, ka hana a sayar da gurbin aiki, ka tsaya a biya masu shara haƙƙinsu. Wanda bai yi wannan ba, kada ya fake da cewa ba a sakar masa kuɗi ba.

Mai_Shayi_Kofar_Atiku: Ni dai a teburina ake naɗa kwamishinoni kuma a nan ake sauke su, tun kafin rediyo ta faɗa. Abin da na lura, ba duk kwamishina ne kwamishina ba. A ba ka kuɗi, ko ayyuka, ko ƙananan hukumomi, kai ne ango. A ba ka wata ma'aikatar kuma, ko mai na mota sai ka yi roƙo. Ɗan_Kwanni, ku fara tambaya wace za a ba shi.

Lauya_Arkilla: Mai shayi, ba a faɗa tukuna. Yawanci majalisa tana tantance mutum ba tare da an san ma'aikatarsa ba, sai ranar rantsuwa ko bayanta ake rabawa. Shi ya sa za ka ga likita a ma'aikatar da ba ruwanta da asibiti. Game da ƙananan hukumomi kuma, ƙarfin wannan ma'aikata daga asusun haɗin gwiwa yake, inda kuɗin ƙananan hukumomi 23 ke bi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Idan aka aiwatar da shi yadda aka rubuta, wannan kujera za ta rage maiƙo.

Bello_Gwadabawa: Idan aka aiwatar. Lauya ka iya zaɓen kalma.

Ɗan_Gabas: Ku kuna maganar maiƙo, mu a gabashin jiha wani abu daban muke auna kwamishina da shi. Daga Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo, duk wanda aka naɗa daga wajenmu tambaya ɗaya ake yi masa: yaushe rabonka da kwana a garinku? An sace mutane, an ɗora wa ƙauye haraji, manomi bai isa ya je gonarsa ba, sai a kira ɗanmu da ke cikin gwamnati. Shi kuma ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, tsaro na tarayya ne. Iyakarsa ya zo jaje da buhunan hatsi, ya koma kafin la'asar. Mutane su ce ya guje su. Na ga wanda wannan ta kashe wa siyasa ɗungurungum, ba don ya ci kuɗin kowa ba. Ban san daga wane yanki kawun yake ba, amma idan daga namu ne, ya sa wannan a lissafi.

Ɗan_Kwanni: Ba daga gabas muke ba, amma Allah ya kawo muku sauƙi. Amin.

Hajiya_Ta_Mabera: Amin ya Allah. Kuma tunda Sadiya ta tayar da magana, ni ma in ƙara: mata fa? Duk gwamnatin da ta zo, sai a ɗauko mace ɗaya ko biyu, yawanci a ba ta ma'aikatar mata, a ce an yi da mu. Ranar zaɓe kuwa layinmu ya fi na maza tsawo. Wace mace ce ta tashi daga kwamishina ta zama ko mataimakiyar gwamna a jihar nan? Tambayar Ɗan_Kwanni ta maza ce kawai.

Bello_Gwadabawa: Hajiya wannan muhawara ce ta wata rana, kada ki jawo mana malamai cikin zaure.

Hajiya_Ta_Mabera: Malaman ai sun san Nana Asma'u, a garin nan ta yi karatu ta karantar. Ba ni da fargaba.

Abu_Gawon_Nama: Mu dawo kan magana. Baba Tsohon_Akawu ya ce sai da uban gida. Na yarda. To laifi ne? Wamakko kansa mataimakin Bafarawa ne daga 1999 har suka ɓata ya ajiye a 2006, ya ci gwamna a 2007. Kowa a ƙarƙashin wani ya taso. Kawu ya shiga, ya yi biyayya, ya gina nasa mutanen a hankali.

Tsohon_Akawu: Kai ɗana, misalin da kak kawo ya kada maganarka. Wamakko ɓatawa yay yi da maigidanai sannan ya hau. Ahmad Aliyu tsayawa yay yi da nashi sannan ya hau. To wace za ka ba kawu shawara, ɓatawa ko tsayawa? Kuma ka tuna Mukhtar Shagari: ministan ruwa na tarayya, ya ci tikitin PDP na 2007, anka ce ya bar ma Wamakko ya zama mataimaki. Ya yi biyayya shekara takwas. Da Wamakko ya koma APC a 2013 shi bai bi ba. Gwamnan dai bai samu ba. Babu wani lissahi guda da ka aiki ga kowa.

Lauya_Arkilla: Akwai kuma wani tarko da ke jiran duk kwamishinan da ke da buri. Dokar zaɓe ta 2022, sashe na 84(12), ta hana mai riƙe da muƙamin siyasa ya yi zaɓe ko a zaɓe shi a zaɓen fid da gwani. Ma'ana sai ka ajiye kujerar kafin ka nemi tikiti. Ka ajiye, ka sayar da fili ka bi deliget, daren zaɓe a ce an yi maslaha an ba wani. Kujera ta tafi, tikiti bai zo ba. A 2022 an ga irin wannan a jihohi da dama.

Bawan_Allah_Illela: Wasu kuma ana mayar da su ai, ko a ba su mai ba da shawara.

Mai_Shayi_Kofar_Atiku: Mai ba da shawarar da ba a tambaya. Akwai guda yana shan shayi a wurina, ofis ma ba a ba shi ba.

Malam_Na_Yabo: Ni ina ganin an haɗa tambayoyi biyu wuri ɗaya. Ɗan siyasar da ke neman gaba, kujerar kwamishina tana ba shi abu uku da ba a saye a kasuwa: yana zama da gwamna duk mako, sunansa yana fita a rediyo, yana da abin da zai ɗan raba. Wannan ba ƙaramin jari ba ne, Abu bai yi ƙarya ba. Amma kawun Ɗan_Kwanni ba wannan ba ne. Shi ma'aikaci ne da wasu ke son su tura gaba, kuma ya kamata a tambaya me ya sa shi. Sau da yawa idan manyan ƙaramar hukuma suka kasa jituwa a kan ɗayansu, sai su nemo mutumin da ba shi da ɓangare, wanda ba zai yi musu takara gobe ba. Idan haka ne, ranar da ya fara tara nasa mutane, su ne za su fara kai ƙararsa.

Ma'aji_Mai_Ritaya: Malam ya taɓo wurin. Ƙari a kan haka, ya je ya zauna da mutanen fansho kafin ya ce uffan. Ya san shekarunsa na aiki nawa, idan ya yi ritaya yanzu da kansa me zai samu, garatutinsa yaushe zai fito. Kuma kada ya rubuta takardar ajiye aiki saboda wani ya ce masa an gama magana. Na san wanda ya yi haka, har an yi masa walima, jerin sunaye ya fito babu shi.

Sadiya_UDUS: Duk na ji, amma idan kowane mai ilimi da gaskiya ya bi wannan lissafi ya zauna gida, su wa za su rage a majalisar zartarwa? Sai mu dawo nan muna kuka an naɗa waɗanda ba su san aiki ba.

Tsohon_Akawu: Ɗiyata, ban ce kada shi karɓa ba. Cewa niy yi kada shi sai da gidanai na Kwanni shi koma gidan gwamnati da iyali duka.

Ɗan_Kwanni: Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan uwa. Zan karanta masa wannan duka da daddare, har da maganar Hajiya, don matarsa ta ji. Malam_Na_Yabo, tambayarka ta me ya sa shi, ban taɓa jin wani a gida ya yi ta ba.

Abu_Gawon_Nama: Idan ya ƙi, don Allah ka ba su lambata.

Bello_Gwadabawa: Lauya, tambaya ta daban: wanda ya yi kwamishina yana da fansho kamar tsofaffin gwamnoni, ko kuɗin sallama kawai ake ba shi? Muna gardama da wani a nan kasuwa tun ɗazu.